Sakatariya da Kwamfutar da Ba Ta Kai Sabulu Ba

Shekara talatin da huɗu ta yi tana buga wasiƙu a ofis ɗaya, a kan tebur ɗaya, kusa da wata taga da ba ta rufuwa sosai. Shugabanni bakwai suka zo suka tafi a gabanta. Da tafireta ta fara, irin mai nauyin nan da ƙararrawarta ke bugawa in an kai ƙarshen layi, daga baya aka kawo mai lantarki, can kuma aka kawo kwamfuta. Duk wanda ya zauna da ita minti goma sai ya ji labarin da ta fi so, wai kwalbar farin ruwan goge kuskure da aka ba ta ranar da ta kama aiki bushewa ta yi a aljihun tebur. Gaskiya ne kwalbar ta bushe. Abin da ba ta cika faɗa ba shi ne ta abokiyar aikinta take ara.

Mijinta, tsohon direban bas ɗin cikin gari, shi ya fara ce mata Sakatariya tun suna saurayi da budurwa, sunan kuwa ya bi ta har maƙwabta suka manta da na yanka. Ita ma Direba take ce masa, sai in ranta ya ɓaci ta ce Baban Auta. Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, tana aikin haɗa magunguna a wani gari mai nisa.

Ritaya ba ta karɓe ta ba. A watan farko ta buga wa duk gwangwanayen kicin suna ta manna. A na biyu ta buga wa Direba jadawalin yini, daga tashi har kwanciya, ya karanta ya yaba da tsarin, ya sa shi ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa.

Shekara guda da barinta aiki, wata safiya, kofin shayi ya suɓuce daga hannun Direba. Ya duƙa zai ɗauka, hannun ya ƙi bin umarni. Sati uku ya yi a asibiti, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce amma ta zo da sauƙi. Ƙafar ta dawo, maganar ta dawo, sai hannun dama da ya ƙi rufuwa gaba ɗaya. Mutumin da ya shekara arba'in yana juya sitiyarin bas ya koma ba ya iya juya makullin ƙofarsa. Ta so ta riƙa ba shi abinci a baki, ya kawar da kai ya ce ya ƙoshi.

A sashen gashin ƙashi ne likitar da ke motsa masa hannu ta nuna musu wani mariƙi mai kauri na roba da ake cusa cokali a ciki. Direba ya gwada, cokalin ya zauna. Amma guda ɗaya ne a duk sashen, ba a bayar da shi aro.

A saman benensu akwai ɗaki da suke bai wa wani malamin makarantar koyon sana'a haya. Da ya ji zancen sai ya ce su hau su ga wani abu. Firinta ce, amma ba ta takarda ba. Tana jan zaren roba daga wani naɗi, ta narka shi a ɗan bakinta mai zafi, ta riƙa shimfiɗa shi a kan faranti layi bisa layi har abu ya tashi da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa. Awa huɗu aka yi, mariƙin cokali ya fito, shuɗi, daidai hannun Direba. Sakatariya ba ta sauko ba sai da aka gama. A wata ukun da suka biyo baya malamin ya koya mata yadda ake buɗe zanen abu a tsohuwar laftof ɗinta, a ƙara masa girma ko a rage, a zuba shi a katin memori, a kai wa firinta. Da aka canza masa wurin aiki ya ce makarantar da za shi akwai irinta biyu, ya bar mata wannan.

A saman aka bar ta, don warin narkakkiyar roba yana sa Direba tari. Tsakanin falo da ɗakin akwai matakala goma sha tara, gwiwoyinta sun san kowacce. Ta hau ta kai kati, ta hau ta ga ko layin farko ya kama, ta hau ta ga ko zare bai sarƙe ba. Wata rana ta ce yau dai ba za ta wahalar da kanta ba, ta bar ta awa biyar. Ashe abin ya ɓalle daga faranti tun da wuri, firinta kuma ta ci gaba da zuba roba a iska. Ta tarar da wani curin zare kamar gashin da aka ciro daga mataji. Ta ɗauki hotonsa ta tura wa Auta.

Bayan kwana goma saƙo ya iso a ɗan kwali. A ciki akwai wani koren allo tsirara, ba murfi ba komai, bai kai sabulun wanka ba, da 'yar kyamara kamar babban yatsa, da katin memori, da wayar jonawa, da takarda mai layi biyar da rubutun Auta. Sakatariya ta juya allon ta ce wa Direba an turo musu kayan cikin rediyo.

Auta ta kira ta yi bayani. Ta ce kwamfuta ce cikakkiya. Za a ajiye ta kusa da firinta a haɗa su da waya, ita kuma ta kama wayfai ɗin gidan, daga nan sai mutum ya zauna a falo ya tura aiki, ya ga abin da ke gudana ta kyamara, ya tsayar in ya ga ɓarna.

"Umma, ki bari sai ranar Asabar in kira ki da bidiyo, mu yi tare," in ji Auta.

"Layi biyar ne fa. Na buga rahoto mai shafi ɗari biyu a yini ɗaya, kina goye a bayana."

"Ba bugun ba ne, Umma, abin ne yana da ɗan tsirfa."

"Ki yi aikinki. Zan turo miki hoto."

Ranar Laraba da safe ta share teburin cin abinci, ta jera kayan bisa tsari, ta sa tabarau. Direba yana gefe yana matsa ƙwallon robar da aka ce ya riƙa matsawa. Layi na farko, a sa katin a laftof. Na biyu, a buɗe manhajar da ke zuba wa 'yar kwamfutar tunaninta a katin. Na uku, a rubuta sunan wayfai da kalmar sirrinsa, don in ta farka ta san gidan da take. Kalmar tana manne a ƙasan akwatin wayfai, haruffa da lambobi goma sha biyu. Sakatariya ba ta taɓa buga ta ba, Auta ce ta haɗa musu wayoyi da laftof a zuwanta na ƙarshe. Ta kalle ta sau ɗaya, ta ɗora yatsu, ta zuba ta cikin daƙiƙa biyu ba tare da ta dubi madannai ba. Ɗigo goma sha biyu suka fito. A gefensu akwai ɗan hoton ido da in an danna yake nuna abin da aka rubuta. Ta gan shi sarai, ta wuce. Wannan na masu shakkar hannunsu ne.

Ta cire kati, ta cusa a allon, ta hau sama, ta jona cajar waya. Jar fitila ta kama, koriya ta fara ƙiftawa. Ta sauko ta buga adireshin da ke layi na biyar. Laftof ya yi shiru, ya yi tunani, ya ce bai samu shafin ba.

Ta hau ta cire ta mayar. Ta sauko. Bai samu ba. Ta hau ta hura katin da baki kamar yadda take wa tsohon kaset. Kafin la'asar ta hau sau goma sha ɗaya, fiye da abin da take yi a kwana uku kafin a aiko mata da na'urar da za ta huta da gwiwa.

"Yaya dai?" in ji Direba.

"Kayan yanzu ne, ba su da ƙwari."

Washegari ta yanke hukunci cewa laifin caja ne. Ta nannaɗe allon a hankici ta kai wa mai gyaran waya na bakin titi, wani mai furfura da gilashin ƙara girma a goshi. Ya jona ya duba, ya ce lallai cajar nan ba ta ba shi wutar da yake so, ya ɗauko mata mai ƙarfi. Ta dawo gida tana tafiya kamar wadda ta ci shari'a.

"Na faɗa maka ba daga gare ni ba ne," ta ce tun daga bakin ƙofa.

Ta hau, ta jona, ta sauko. Bai samu shafin ba.

Sai ta koma kan bango. Ta ce ginin gidan nan ne mai kauri, tun asali ta gaya wa magini. Ta sauko da allon ta ajiye shi jikin akwatin wayfai har suna gugar juna. Shiru. Ta sake zuba katin daga farko, ta sake buga kalmar sirrin, wannan karon ma ta fi sauri. Shiru. Ta tsaya a kan allon ta riƙe ƙugu ta yi masa magana irin wadda take wa sabon masinja da ya kai wasiƙa ofishin da ba shi ba. Da Auta ta kira da yamma Sakatariya ta ce ana nan ana yi, saura kaɗan, ta yi sauri ta tambaye ta lafiyar aiki.

Ranar Juma'a ta zauna zubin kati na uku. Direba ya matso da kujerarsa. Kwana biyu ke nan yana kallon yatsunta.

"Ba ni in gwada," ya ce.

Dariya ta taso mata. "Kai da ko saƙon waya sai na..." Ta ga ya sauke hannun daman ƙarƙashin tebur, sai ta haɗiye sauran. Ta tura masa laftof ɗin. "Bismilla. Ni zan karanto."

Da yatsa ɗaya na hannun hagu ya fara. Ta faɗi harafi, yatsan ya yi ta shawagi a kan madannai kamar mai neman gida a unguwar da bai sani ba, ya sauka. Ta zauna a kan tafukan hannunta don kada ta fizge. Harafi na farko, na biyu, na uku, na huɗu. Ta ce, "Ɗaya." Yatsan ya nufi layin sama, can ƙuryar hagu.

"Ina za ka? Ga ta nan a layin tsakiya, hannun dama."

Ya duba inda take nunawa. "Wannan ai L ce, Sakatariya."

"Ɗaya ce."

"To ta can saman mece ce?"

Ta dubi madannin da ke ƙuryar sama, fes da shi kamar ranar da aka sayi laftof, alhali sauran duk sun goge. Sai abin ya dawo mata daki-daki. Tafiretocin makarantar da ta koyi bugu ba su da madannin ɗaya. Malamarsu ta koya musu su buga ƙaramar L, da rula a hannu take koyarwa, yatsan kuwa ya riƙe. Ta farko da aka ba ta a ofis ma haka take. Da aka kawo masu madannin, yatsan bai samu labari ba. A takarda kamarsu ɗaya, ba wanda ya taɓa dawo mata da wasiƙa.

Ta miƙa hannu a hankali ta karɓi laftof, ta goge, ta buga kalmar yadda ta saba, ta danna ɗan hoton idon nan. Ga su nan, L biyu, suna zaune daram inda ɗaya biyu ya kamata su kasance.

Ta fara lissafi. Rabin shekarun aikinta, in an rubuta su a lamba, duk da ɗaya da tara suke farawa. Takardun ƙarin girma, takardun kora, gayyatar taro, rahoton ƙarshen shekara.

"Baban Auta," ta ce, "ashe wasiƙun nan da na yi ta bugawa babu mai kwanan wata na gaskiya a cikinsu."

Direba ya fara dariya ta gefen bakin da ya fi motsi, daga nan ta kama shi gaba ɗaya har ƙwallon robar ta faɗi ta gangara ƙarƙashin firij. Tun dawowarsa daga asibiti ba ta ji wannan dariyar ba. Ta so ta yi fushi, ta ma haɗa rai, amma fuskar ta ƙi ba ta haɗin kai.

"Shugabanni bakwai," ya ce yana share ido.

"Sake bugawa, malam. Kai ne gwani yau."

Ya sake daga farko, minti shida cur. Aka zuba kati, aka jona allon nan a falo, aka jira. Ta buga adireshin da yatsa ɗaya ita ma, tana duba kowane madanni. Shafin ya buɗe, fari da kore, da gurbin zafi da gurbin hoto da maɓallin farawa. Bai yi wata alamar cewa kwana uku ake nemansa ba.

Sauran aikin a sama yake. Ta haɗa allon da firinta da waya, ta ɗaure kyamara a jikin ƙarfen firintar da zaren ɗinki. Direba ya zauna a ƙasa gaban laftof yana ba da rahoto ta matakala.

"Rufi nake gani."

Ta karkata.

"Yanzu hancinki ne. Duka ƙofofin biyu."

"Ka faɗi abin da zai amfane ni."

"Yi hagu kaɗan. Kaɗan na ce. Dawo baya. Ƙara. Yauwa, tsaya nan, kar ki taɓa." Muryarsa ce ta tasha, wadda yake sa sababbin direbobi su faka bas da ita.

Abin da ta fara turawa daga falo shi ne mariƙin makulli, faffaɗa, wanda za a iya murɗawa da tafin hannu. Ta danna maɓalli. Lambar zafi ta fara hawa a shafin, ta wuce ɗari, ta kai ɗari biyu. Sai suka ji ƙugin injin ta cikin rufi, a hoton kuma ɗan bakin ya sauka ya fara ja layin farko. Ta zauna tana kallo da shayi a hannu kamar matar manya. Bayan minti ashirin ta ajiye kofin ta hau sama, don ta tabbatar abin da ke cikin hoton shi ne abin da ke cikin ɗakin. Sau biyu ta yi haka. Direba ya ce in ta hau na uku zai rufe laftof ɗin.

Ranar Asabar da Auta ta kira, Direba ne ya ɗauka, ya gyara murya zai fara. Sakatariya ta karɓe wayar. In dai za a ba da labarin nan, gara ta bayar da kanta. Ta ba da shi tiryan-tiryan, har da hura kati da ɗora wa magini laifi, Auta tana dariya har abokan aikinta suka leƙo. Tun daga ranar ya zama labarin da take bayarwa a benci na sashen gashin ƙashi, kuma duk bayarwa sai hawan matakalar ya ƙaru. Yanzu ya kai talatin a yini.

Likitar sashen ta ga mariƙin makullin ta tambayi inda aka samo. Daga nan ta fara turo mata awon hannun marasa lafiya a waya. Mariƙin cokali, na biro, na buroshin haƙori, ƙugiyar sa maɓallin riga. Sakatariya tana gyara girman a laftof, ta tura sama, Direba ya zauna gadin hoton. Shi ya ɗora wa kansa wannan aikin, yana kuma yinsa da gaske, in ban da bayan abincin rana da yake gadin da ido a rufe. Wata rana ya hango gefen wani mariƙi ya fara ɗagawa, ya kira ta daga kicin, ta zo da kumfa a hannu ta danna tsayarwa da gwiwar hannu. Ɓarnar ba ta kai girman tsabar kuɗi ba.

Hawa bai ƙare ba, don 'yar kwamfutar ba ta da hannun da za ta ɓamɓare abin da aka gama ko ta canza naɗin zare. Amma ya koma sau biyu a yini, safe da yamma, gwiwoyi kuma sun yarda da wannan sulhun.

Kwanan baya tsofaffin abokan aikin Direba uku suka dawo da zuwa karta ranar Lahadi. Hannu ɗaya ba ya riƙe kati ya kuma jefa, sai Sakatariya ta ce a bar mata. Wannan karon ba zanen kowa ta ɗauko ba, da kanta ta zana, wata doguwar matattara mai tsaga da ake jera katin a tsaye a kan tebur. Ta yi kyau, ja ce, har da ɗan gurbin ajiye kofi da ba wanda ya roƙa. Direba ya jera katinsa yana taƙama, aka cinye shi wasa uku a jere. A na huɗu ne tsohon kwandastansa, wanda ke zaune a damansa, ya kasa daurewa.

"Oga, ka yi haƙuri," ya ce. "Katin naka a kwance suke. Tun ɗazu muke karantawa."

Sakatariya ta zo ta duƙa ta inda yake zaune ta duba. Tsagar ta kwanta baya da yawa, kowa a teburin yana ganin katin sarai in ban da mai su, da sai ya leƙa. Ta ɗauke abinta, ta buɗe laftof a ƙarshen teburin, ta miƙar da tsagar, ta tura sama. Shafin ya ce awa biyu da minti goma.

Direba ya tattara katin da hannun hagu ya tura wa kwandasta. Ya ce ba mai tashi daga wurin nan, a ƙara ruwan shayi, wasa ukun nan kuma ba a ƙirga su ba.